Mai makaranta ya ce in rubuta takardar ajiye aiki don na koma kan keke

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar lissafi ce a wata makarantar kuɗi a nan Zariya, shekara bakwai ina koyarwa a cikinta. Wata takwas da suka wuce na hau acaɓa da safe daga gidanmu a Tudun Wada zan tafi makaranta, mota ta buge mu wajen Kwangila. Wata uku na yi a kwance a asibitin Shika. Allah ya bar ni da raina, amma ƙafafuna sun daina ɗauka ta, yanzu da keke nake yawo. Hannuna da bakina da ƙwaƙwalwata lafiya lau. Tun a satin farko shugaban makarantar da malamai suka zo duba ni. Da na ji ƙarfi na koma, mai makarantar ya karɓe ni a ofis, ya yi mini jaje har da ƙwalla, sannan ya ce ajina a saman bene yake, kuma iyaye za su yi magana. Ya miƙo mini ambulan da albashin wata biyu, ya ce in je in rubuto takardar ajiye aiki da hannuna don ya ba ni takardar shaida mai kyau. Na karɓi ambulan ɗin, amma ban rubuta komai ba. Maigidana ya ce in bar wa Allah, surukata ta ce kai ƙara tonon asiri ne. 'Ya'yanmu uku, albashina ke biyan kuɗin makarantar biyu daga ciki. Anti, ina da wani haƙƙi ko babu? Kuma in na nema, rashin haƙuri da ƙaddara ne?

Daga wata malama, Tudun Wada, Zariya.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne, ya ƙara sauƙi.

Kada ki rubuta takardar nan. Ko direba ya aiko har gida da farar takarda da biro, ki amsa gaisuwarsa, a ba shi ruwa, a sallame shi. Ranar da kika rubuta cewa kin ajiye aiki bisa raɗin kanki, kin wanke mai makarantar tas da hannunki, duk inda kika je daga baya takardar za a zaro a shimfiɗa miki. Shi ma ya san haka, shi ya sa bai rubuta miki takardar sallama ba. Ba ya son a ga sa hannunsa a ƙarƙashin dalilin da ya faɗa miki da baki. Ban ce ƙwallarsa ta ƙarya ce ba, mutum yana iya tausaya miki da gaske kuma yana lissafin aljihunsa a zama ɗaya. Takardar shaidar da yake miki kwaɗayi da ita kuwa, aikin shekara bakwai ne ya saya miki, ba alfarma ba ce.

Kuɗin ambulan ɗin ma, in da hali ki ajiye su gefe har lauya ya ji labari. Akwai shari'o'in da aka ce wa ma'aikaci tun da ka karɓi kuɗin sallama ka ci, ka yarda da sallamar ke nan. Idan buƙata ta riga ta cinye su, ba a mutu ba, akwai yadda za a rubuta a fayyace, zan zo kai.

Haƙƙi kina da shi, kuma a rubuce yake. A ranar 23 ga Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wariya ga masu nakasa, wadda ake kira dokar 2018, bayan shekaru da dama ana kai gwauro ana kai mari da ƙudurin a majalisa. Sashe na farko ya hana kowane mutum ko hukuma nuna wa wani wariya saboda nakasarsa. Mutum ɗaya in ya saɓa, tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, kamfani kuma naira miliyan ɗaya, sannan wanda aka yi wa yana da damar shigar da tasa ƙarar ta neman diyya daban. Sashe na 28 shi ne naki: mai nakasa yana da haƙƙin yin aiki daidai da kowa, ya ci abinci da aikin da ya zaɓa. Wanda ya tauye wannan zai biya shi wanda aka cuta aƙalla naira 250,000, in kamfani ne aƙalla 500,000. Da farashin buhun shinkafar yau, waɗannan kuɗin ba su taka kara sun karya ba, na yarda. Amma dokar cewa ta yi aƙalla, ba ta rufe sama ba, kuma mai makarantar kuɗi ba tarar ce ke hana shi barci ba, sunan makarantarsa a bakin iyaye ne.

Maganar bene kuwa, dokar ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga yadda mai keke da mai sanda za su iya shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Wato uzurin da ya kawo miki, lauya zai iya juya shi ya zama hujja a kansa. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021, zamanin Gwamna Nasir El-Rufai, ta kafa hukumar kula da al'amuran masu nakasa ta jiha. Wannan yana da muhimmanci, domin akwai lauyoyin da ke cewa wasu sassan dokar tarayya ba sa aiki a jiha sai jihar ta yi tata. Mu a Kaduna an rage mana wannan gardamar. Ga shi kuma al'amarin ƙwadago dama a hannun gwamnatin tarayya tsarin mulki ya sa shi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, kuma ke ba ki ma tambaye shi ba. Kin ce a hanyar zuwa makaranta aka buge ki. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ke gudanarwa. Ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ko ɗan kasuwa, ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wani asusu, daga aljihunsa, ba daga albashinku ba. Daga asusun ake biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa hatsarin da ya sami ma'aikaci tsakanin gidansa da wurin aikinsa yana ciki. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada, kashi 90 cikin 100 na albashinsa ake biyan sa duk wata. Wanda nakasar ta rage masa abin da yake samu, ana lissafa asarar a biya shi kashi 90 nata. Akwai kuɗin magani da kayan taimako irin su keke. Ma'aikaci kuma ba zai iya sa hannu ya yafe wannan diyyar ba ko da ya so, dokar ta ce irin wannan yarjejeniyar banza ce.

Sai dai tana da agogo. Ana son ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da wurin aiki cikin kwana 14, wurin aikin kuma ya kai rahoto hukumar cikin kwana 7. Zuwan da shugaban makaranta ya yi duba ki a satin farko shaida ce cewa sun sani, ki rubuta sunayen waɗanda suka zo da ranar tun ba ki manta ba. Neman diyyar kansa kuma cikin shekara ɗaya ake shigar da shi daga ranar hatsarin. Ana iya ɗaga ƙafa zuwa shekara uku in akwai dalili na musamman, amma kada ki jingina da wannan. Wata takwas sun tafi, huɗu suka rage miki. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. A satin nan a sami wanda zai je ofishin NSITF na Kaduna ya tambaya ko makarantar ta yi rajista da su. Makarantun kuɗi da yawa ba sa yi. In ba ta yi ba, laifinta ne a doka, ba naki ba, kuma wata igiya ce da lauyanki zai riƙe a lokacin sulhu.

Kafin ki taka ko'ina, ki haɗa takardunki a jaka ɗaya: takardar ɗaukar ki aiki, katin shaidar ma'aikaci, bayanin asusun banki da ke nuna shigar albashi, katin asibiti da takardar sallama daga Shika, rahoton 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗurra in an rubuta. Ki koma wurin likitanki ya rubuta miki rahoto mai cewa abu biyu: irin raunin da kika samu, da kuma cewa kina iya koyarwa a zaune. Wannan jumla ta biyu ta fi zinare a wannan magana. Saƙonnin WhatsApp da kuka yi da mai makarantar ko shugabanta kada ki goge ko ɗaya, tun daga dokar shaida ta 2011 kotuna suna karɓar irinsu. Kowace takarda a yi mata kwafi biyu, ta asali ba ta barin gida.

Sannan ki rubuta masa wasiƙa, taki irin, ba irin wadda ya nema ba. Gajera, mai ladabi, babu zagi babu barazana. Ki ce kin gode da jaje. Ki ce a rana kaza kin zo ofishinsa don komawa aiki, ya faɗa miki ajinki a sama yake kuma iyaye za su yi magana, ya nemi ki ajiye aiki. Ki ce ba ki ajiye ba, a shirye kike ki dawo, ga rahoton likita. Ki ce kuɗin da ya ba ki kin ɗauke su a matsayin wani ɓangare na albashinki, ba kuɗin sallama ba. Sai ki kawo masa mafita da kanki: a sauko da ajinki ƙasa, wani aji ya hau sama. Ki nemi amsa a rubuce cikin sati biyu. Wanda zai kai ya tafi da kwafi biyu, a sa hannu da kwanan wata a ɗaya ya dawo miki da ita. In sun ƙi sa hannu, a ɗauki hotonta a tura masa ta WhatsApp. Amfanin wasiƙar nan shi ne ta mayar da maganar da aka yi a ɗaki ku biyu ta zama rubutu. In ya amsa ya tabbatar, kin sami shaida. In ya yi shiru, shirun ma yana magana a gaban alƙali.

Ina son ki shiga wannan magana da awo a hannu, domin kalmar da ake kashe bakin mutane da ita ita ce "gyaran zai ci kuɗi". Ki aika maigidanki ko ƙaninki da tef ya auno tsawon dandamalin da ke bakin ajin ƙasa. Ƙa'idar da magina ke bi wajen gangarar keke ita ce kowane inci ɗaya na tudu a ba shi inci 12 na tsawo. In dandamalin inci shida ne, gangara mai ƙafa shida ta isa: 'yan buhunan siminti, yashi, birkila ɗaya, yini ɗaya. A auna faɗin kekenki a gwada da ƙofar aji da ta banɗaki, don banɗakin ne ake mantawa, kuma shi ne ke korar mutum daga wurin aiki a hankali ba tare da kowa ya ce masa tafi ba. Allo a sauko da shi daidai hannunki, ko a sa ɗalibi ya riƙa rubuta na sama, abin da yara ke rububin yi dama. Ki sa birkila ya rubuta kuɗin aikin a takarda ki haɗa da wasiƙar. Zai yi wuya ya kai abin da ke cikin ambulan ɗin da aka ba ki.

"Iyaye za su yi magana." Wane uba? Ya ce me? Na daɗe ina jin wannan jumla, ban taɓa ganin an kawo uban da ya yi maganar ba. Iyayen da kika koya wa 'ya'yansu lissafi shekara bakwai sakamakon jarrabawa suke dubawa. In akwai biyu ko uku a ƙungiyar iyaye da malamai da kuke mutunci, ki bari su ji labarin daga bakinki, cikin natsuwa. Facebook kuma ki ƙyale shi tukuna. Magana zarar bunu ce, in kika rubuta abin da ba za ki iya tabbatarwa ba, sai a bar batun korar a koma ƙarar ɓata suna.

Inda za ki sami mai tsaya miki ba nisa. Tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo tana da ofishin taimakon shari'a kyauta, ɗalibai ne ke sauraro ƙarƙashin kulawar malamansu, kuma daga Tudun Wada taku kaɗan ne. Akwai reshen ƙungiyar lauyoyi na Zariya, akwai ƙungiyar mata lauyoyi FIDA a Kaduna. Hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa tana da ofis a Kaduna, dokarta ta 2011 ta ambaci neman diyyar ma'aikata da take haƙƙin ɗan Adam cikin ayyukan da take ɗauka kyauta ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 tun 2024. Ke da aka tsayar wa albashi kin shiga. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ma tana karɓar koke kyauta, haka hukumar masu nakasa ta ƙasa da aka kafa a 2020. Ni dai da ni ce, bayan Kongo, reshen Kaduna na JONAPWD zan nema, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa. Su ne suka san wane ofis ke aiki, wane ne sai dai a karɓi takardarki a sa a durowa. Kuma zama da matan da suka shekara goma a kan keke suna aiki suna renon 'ya'ya zai ba ki abin da ni da lauya ba za mu iya ba ki ba.

Kada in yaudare ki game da kotu. In sulhu ya ƙi, kotun ma'aikata ta ƙasa ce ke da hurumin wannan shari'ar, tun gyaran tsarin mulki na 2010 da ya ba ta sashe na 254C, kuma tana zama a Kaduna. Tana da ikon duba wariya a wurin aiki da kuma yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su. Amma shari'a tana cin lokaci, tana cin kuɗin mota, kuma tafiya Kaduna da keke ba wasa ba ce. Sannan a aikin da ba na gwamnati ba, kotu ba ta cika tilasta wa mai aiki ya mayar da ma'aikaci ba, yawanci kuɗi take cewa a biya. Don haka in komawa aji kike so, a teburin sulhu za ki samu, kotun sanda ce da ake jinginawa a bango kowa ya gan ta. Wasiƙa ɗaya mai hatimin lauya, da dattijo ɗaya da mai makarantar ke jin kunyarsa, limamin unguwarsu ko wanda ya girme shi a sana'ar, sukan gama abin da shekara biyu a kotu ba ta gama ba.

Na taɓa raka wani bawan Allah mai keke wani ofis don ya kai koke kan irin wannan wariyar. Ofishin a hawa na biyu yake, babu lifta. Samari huɗu suka ɗauke shi da kekensa kamar buhun masara, yana riƙe da fayil ɗinsa a ƙirji, hularsa ta faɗi a matakala wani yaro ya biyo mu da ita. Da muka isa, jami'in ya ce ai da an kira shi ya sauko. Tun ranar, duk wanda zan aika sai na ce a fara buga waya a tambaya ko a ƙasa ofishin yake, in a sama ne a nemi jami'in ya sauko. Ki yi haka ke ma, ba roƙo ba ne. Dokar 2018 har layi ta ce a fara ba ku.

Ki kuma sa ido a kan ɗaukar malamai na gwamnati. Dokar ta ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu nakasa. An sassauta ta da cewa "gwargwadon iko", kuma ta wannan ƙofar hukumomi ke sulalewa, amma malamar lissafi mai shekara bakwai a aji ba kowa ke samun ta ba. Ki nemi takardar shaidar nakasa, ki ajiye kusa. Kafin nan, yaran unguwa masu shirin jarrabawa suna neman mai koya musu lissafi da yamma, zaure ko tsakar gida ya isa.

Saura tambayarki ta ƙarshe, wadda na san ita ce ke hana ki barci. Ƙaddara ita ce motar da ta buge ki a Kwangila. Wannan kin karɓa, kin yi wata uku a gadon asibiti kina cewa alhamdu lillahi, babu mai koya miki haƙuri. Ambulan ɗin da aka miƙo miki kuwa shawarar mutum ce, ya zauna ya yanke, kuma yana iya warwarewa gobe da safe. Haɗa biyun a kira su da suna ɗaya shi ne kuskuren da muke yi, kuma mai ƙarfi ne kullum yake cin ribarsa. A addinin nan aka saukar da farkon Suratu Abasa saboda Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, kuma shi ne Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa ladanci, ya kuma bar masa jagorancin sallah a Madina lokacin wasu tafiye-tafiye. Aiki aka ba shi, ba a ce ya koma gida a riƙa aika masa da sadaka ba. Wanda ya tambaya ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, cewa aka yi ya ɗaure shi sannan ya dogara.

Maigidanki ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya yi wata uku yana zirga-zirgar Shika ya gaji, kuma tsoro yake kada a ja ki a ƙasa a gaban mutane. Kada ki yi wannan tafiya a bayan idonsa. Ki zaunar da shi bayan yara sun yi barci, ki nuna masa cewa matakin farko wasiƙa ce ta ladabi, ba sammaci ba, ki nuna masa lissafin wata huɗun nan da kuɗin makarantar yara na zango mai zuwa. Ki roƙe shi ya zama shi ne zai kai wasiƙar, shi ne zai riƙe tef ɗin awo. Namiji in aka ba shi aiki a cikin magana, ya fi saurin shiga da a ce ya ba da izini kawai. Hajiya surukarki kuma a bar shi ya yi mata bayani da kansa, ɗa ya fi sanin ƙofar uwarsa. A gaya mata ba asirin gida za a kai ba, albashi ne da diyyar hatsari.

Litinin ki fara da likita, Talata a shiga Kongo da jakar takardu, kafin Juma'a wasiƙar ta isa hannunsa. In sati biyun suka cika, ki rubuto mini abin da ya ce, ko da shiru ya yi.